Kafin Ruwan Yuni

A bangon shagona na ɗinki a Agege
akwai zane uku da ruwa ya bari.
Na ƙasa, gwiwa. Na tsakiya, ƙugu.
Na sama kuwa na bara ne,
daren da kekena ya kwana cikin laka
tare da yadin mutum goma sha ɗaya.

Shi ya sa da aka ce wa zai riƙe biro
ban jira an nuna ni ba.

Cindo, ɗan maƙwabcina mai karatu a Yaba,
ya zo da kwamfuta a hammata,
ya buɗe mana wani jadawali:
sanduna a kwance, kore da ja da ruwan ɗorawa,
kowace sanda aiki ce, tsawonta kwanakinta,
wannan ba ta tashi sai waccan ta sauka.
Muna cikin kallo aka ɗauke wuta.
Batir ya yi ta maza na minti shida, ya cika.
Iya Risikatu ta yi dariya har da riƙe ciki:
"To, ambaliyar ma za ta jira Nepa?"

Washegari na samo fallen katako,
na ja layi da tef ɗin awona.
Na fara da alli, sai na tuna da wa muke faɗa,
na koma na sayo fenti.

Gida huɗu na yanka: me, wa, yaushe, da me.

Yasar kwata daga gada zuwa bayan masallaci,
Jatau da yaran garejinsa,
Asabar biyu kafin Mayu ta fita,
shebur tara, baro uku, ɗaya na aro.
Buhun yashi ɗari da ashirin,
Alhaji Nomau da bakinsa ya ce a sa sunansa,
tamanin muka gani.
Takardun haihuwa da rasit ɗin haya
a ƙulle a leda, a rataye can kusa da rufi.
Uche mai kemis, bandeji da tocila.
Makarantar kan tudu, mabuɗi na wurin maigadi.
Usur uku a jere: kowa ya tashi.

Ran Lahadi muka yi gwaji da rana tsaka,
sama fes, ko ƙyallen gajimare babu.
Na busa. Layinmu ya fito,
yara na tsalle kamar an ce biki ne.
Minti goma sha huɗu.
Na ƙirga kawuna a harabar makaranta,
na sake ƙirgawa.
Saura ɗaya.

A ɗakinsa muka tarar da Baba Gwadabe
yana tsintar wake a faranti.
Ya ɗago da murmushi:
"Lafiya kuka cika mini ƙofa?"
Shekara bakwai kunnensa a toshe.
Kowa ya sani. Ni ma na sani,
ni nake masa ɗinki.
Katakona ne kawai bai sani ba.

A daren na ƙara gida na biyar.
Wuri ya ƙare, ya karkace ya hau gefe:
wa zai ƙwanƙwasa wa wa.
Ladidi mai wata takwas, mijinta na aikin dare a Apapa.
Yaron da ke kwana a shagon caji
ana kulle shi ta waje.
Baba Gwadabe, a gabansa na sa sunana.

Cindo ya ɗauki hoton katakon bai ce komai ba.

Yanzu hadari ya haɗo ta wajen Ikeja,
jirage na ratsa shi ƙasa-ƙasa,
iska ta fara taɓa kwanon rufi.
Na ɗora keke a kan tebur,
usur na wuyana.
Buhu arba'in har yau suna hanya.

Can ƙasan katakon na bar layi biyu babu rubutu.
Ruwa bai halarci taronmu ba,
kuma na san yana da abin cewa.